Baba ya fara rikicewa a tuƙi: in rubuta wa hukumar lasisi a sake gwada shi?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa. Mahaifina shekarunsa 76, ya fi shekara hamsin yana tuƙi, shi ya koya mini, shi ya koya wa yayyena. Har bara ban taɓa jin ɗar ba idan ina zaune a gefensa. Bana ne abubuwa suka sauya. Sau biyu ya goge gefen motar a jikin get ɗin da ya yi shekaru yana shiga. Wata rana ya fita zuwa wurin da bai fi tafiyar minti goma ba, sai bayan awa biyu ya dawo, ya ce an canza hanya, alhali ba abin da aka canza.

Na makon jiya shi ya hana ni barci. Ina gaba, yarana biyu suna baya, ya wuce jar danja ko rage gudu bai yi ba. Wani mai babur ya taka birki har babur ɗin ya zame da shi. Na ce, "Baba, danja!" Ya juyo ya kalle ni, ya ce wace danja? Ba gardama yake yi ba, wallahi bai gan ta ba. Wannan kallon da ya yi mini shi ya fi tsorata ni.

Na yi masa magana cikin ladabi, ya ce tun ba a haife ni ba yake riƙe da sitiyari. Babban yayanmu ya ce in ƙyale tsoho ya sarara. Wata ƙawata kuma ta ce ana iya rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi, ta kira direba a sake duba lafiyarsa da tuƙinsa. Idan na yi haka na ci amanarsa? Idan kuma na yi shiru wani abu ya faru, ina zan sa kaina?

Abu_Hanif:
Wa alaikumus salam. Abu na farko, tun kafin maganar hukuma: daga yau kada yaran nan su sake shiga motar idan shi ne zai ja. Wannan a hannunki yake, ba sai kin jira kowa ba.

Dattijo_Mai_Tabarau:
'Yata, ni sa'an mahaifinki ne, bari in gaya miki yadda abin yake daga ɓangarenmu. Mota ga tsoho ƙafa ce. Da ita yake zuwa asibiti ba tare da ya roƙi kowa ba, da ita yake ziyartar abokan da suka rage masa. Ranar da aka karɓe makulli, daga ranar ya koma mai jiran a kai shi. Idan kuma ya gano 'yar cikinsa ce ta kai shi ƙara a ɓoye, ciwon da zai ji ya fi na rasa motar. Ki zauna da shi, ki sake zama da shi, ki nemo wanda yake jin nauyinsa. Hukuma ta zama ta ƙarshe.

Nas_Ta_Dare:
Baba Dattijo, da girmamawa, ba ƙara ba ce. Ba kotu za a kai shi ba, ba tara za a ci shi ba. A wuraren da ke da wannan tsari, abin da hukuma ke yi shi ne ta aika wa direban takarda, ta nemi rahoton likita, ko gwajin ido, ko a zauna da shi a mota a ga tuƙinsa. Sakamakon kuma ba ɗaya ba ne. Wani a bar masa lasisinsa yadda yake, wani a sa masa sharaɗi kamar sanya tabarau ko tuƙin rana kaɗai, wani a dakatar har ya yi magani, wani a karɓe. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Uwar_Biyu, ni abin da ya tsaya mini a labarinki abubuwa biyu ne daban. Goge get da rashin ganin danja na iya zama ido. Yanar ido tana sa haske ya riƙa watsewa, musamman da dare idan fitilun motoci suka haske mutum, kuma aikinta yana daga cikin ayyukan da aka fi samun nasara a kansu. Gilakoma kuwa ta gefe take cin gani, a hankali, babu zafi, mutum yana karanta jarida lafiya lau amma abin da ke zuwa daga gefensa ba ya gani, kuma bai san ba ya gani ba. Ganin da ya riga ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran. Amma ɓacewa a hanyar da ya sani shekara da shekaru, wannan ba ido ba ne. Yana buƙatar likita ya duba ƙwaƙwalwa. Kuma ki tattaro duk magungunan da yake sha a leda ɗaya ki tafi da su. Na sha ganin tsofaffi da aka zaci cutar mantuwa ce, ashe maganin barci ne, ko na mura mai sa gyangyaɗi, ko suga ce ke faɗuwa saboda maganin ya yi masa yawa.

Direban_Tirela_88:
Shekara 27 ina kan titi. Lissafi ɗaya zan ba ku. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane daƙiƙa. Idan hankalin mutum ya yi jinkirin daƙiƙa biyu kafin ƙafarsa ta bar totur ta koma birki, ya wuce mita 33 bai taka komai ba. Tsawon tirela biyu ke nan a jere. Ƙwarewa tana taimako, ban musa ba, amma ƙwarewa ba ta taka birki a kan abin da ido bai gani ba.

Sadauki_01:
Ni dai ban yarda ba. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yara masu jini a jika nawa ke wuce danja kullum da gangan? Su wa ya kai rahotonsu? Sai tsoho ya yi kuskure ɗaya a ce a karɓe masa lasisi.

Maman_Ilham:
@Sadauki_01 ba ɗaya ta lissafa ba, huɗu ne a cikin shekara guda. Kuma wanda ya wuce danja da gangan ya san ya wuce, gobe yana iya tsayawa. Wanda bai gan ta ba fa, me zai gyara?

Sadauki_01:
Na ji wannan. Amma har yanzu ina ganin ana takura wa tsofaffi fiye da kima.

Mai_Bin_Labarai:
A nan Sadauki yana da gaskiya ta wani gefen, shekaru kaɗai ba hujja ba ne. Ku tuna abin da ya faru a birnin Glasgow na Birtaniya ranar 22 ga Disamba 2014. Direban motar kwashe shara ya suma a kan sitiyari a tsakiyar gari, motar ta hau kan masu tafiya a ƙasa, mutum shida suka mutu. Shekarunsa 58, ba tsoho tukuf ba ne. Binciken da aka yi ya gano ya taɓa suma a 2010 yana direban bas, bai bayyana gaskiyar lamarin ba a takardun lafiyarsa. Ke nan abin dubawa shi ne lafiya da abin da aka gani a tuƙi, ko mutum ɗan 30 ne. Mai farfaɗiya, mai minsharin da ke yanke numfashi cikin barci har ya wuni yana gyangyaɗi, mai shan ƙwaya, duk maganar ta shafe su.

Amma akwai wani labarin da ya fi kama da na 'yar'uwarmu. A 2011 a garin Colchester na Ingila, wani direba mai shekara 87 ya yi ɗan ƙaramin hatsari, 'yan sanda suka gwada idonsa ya faɗi, suka roƙe shi ya daina tuƙi ya ƙi, kuma a lokacin ba su da ikon dakatar da shi nan take. Bayan kwana uku ya hau gefen titi ya buge wata yarinya 'yar shekara 16, Cassie McCord, ta rasu. Mahaifiyarta ta yi ta fafutuka har aka sauya tsarin a 2013, yanzu ɗan sanda na iya neman a soke lasisin cikin gaggawa idan direba ya faɗi gwajin ido a bakin hanya. Kwana uku kacal tsakanin gargaɗi da rasa rai.

Uwar_Biyu:
Innalillahi. Wannan na Colchester ya sa jikina ya yi sanyi. @Nas_Ta_Dare yana da suga, yana kuma shan wani magani da dare saboda ciwon ƙafa, ban san sunansa ba, zan duba. Tabaransa kuwa rabon da a canza shi na manta.

Nas_Ta_Dare:
To kin gani. Idan suga ta faɗi, mutum yana rikicewa, gani ya dushe, wani har faɗa yake yi bai san yana yi ba. A ƙa'idar Birtaniya, mai allurar insulin zai gwada jininsa a cikin awa biyu kafin ya tuƙa, idan sugarsa ta yi ƙasa da 4 a ma'aunin mmol/L ba zai tuƙa ba, kuma bayan ya daidaita sai ya jira minti 45, domin ƙwaƙwalwa ba ta dawowa daidai nan take. Ki tambayi likitansa wane irin magani yake kai, ba duka ke faɗar da suga haka ba.

Zaki_Ba_Gudu:
Ku daina wahalar da ita. Ki ɗauke makullin ki ɓoye, ko ki sa makaniki ya cire wani abu a injin ya ce mota ta lalace. Shi ke nan, ba hukuma ba rigima.

Hajiya_Babba:
A'a ɗana, mun gwada wannan da mijin yayata, Allah ya jiƙansa. Mun ɓoye makulli, ya kwana yana birkita ɗaki, yana zargin yaran gida da sata, har ya mari jikansa da ba ruwansa. Washegari ya kira mai yanka makulli. Da muka sa aka cire batir, ya saya sabo. Mutumin da yake ganin lafiyarsa ƙalau, kuma lasisinsa na aljihunsa, dabara ba ta tsayar da shi, sai dai ta sa ya daina yarda da kowa a gidan. Abin da ya tsayar da shi a ƙarshe likita ne. Ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Alhaji, daga yau ban yarda ka tuƙa ba," ya rubuta a takarda ya ba shi. Takardar nan a aljihun gaban rigarsa take kwana. Duk wanda ya tambaye shi me ya sa ba ya tuƙi sai ya zaro ta ya ce likita ne ya hana. Ta zame masa abin kare mutunci, ya fi masa sauƙi a ce likita da a ce 'ya'ya.

Ɗan_Lauya:
Bari in ɗan yi bayanin yadda tsarin yake, don ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokacin ma daga jiha zuwa jiha. A Birtaniya nauyin yana kan direba ne ya sanar da hukumar lasisin tuƙi ta DVLA idan yana da ciwon da ke shafar tuƙi, in bai yi ba ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Daga shekara 70 kuma ana sabunta lasisi duk bayan shekara uku, kuma dole mutum ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Ɗan'uwa ko maƙwabci na iya sanar da hukumar, likita ma yana iya yi idan majiyyaci ya ƙi dainawa bayan an gargaɗe shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka akwai fom na musamman na neman a sake gwada direba, sai ka sa hannu, amma kana iya roƙon a sakaya sunanka. A Ontariyo ta Kanada doka ce ta wajabta wa likita kai rahoton wasu cututtuka. Saboda haka Uwar_Biyu, ki fara tambayar hukumar inda kike abu uku: suna karɓar rahoto daga iyali, za a sakaya sunanki, kuma me ke biyo baya.

Idan za ki rubuta, ki rubuta abin da idonki ya gani, da rana da wuri da abin da ya faru. "Ranar kaza ya wuce jar danja a mahaɗa kaza, ina cikin motar, ya ce bai gan ta ba." Kada ki rubuta "ya tsufa" ko "ina jin yana da cutar mantuwa". Gano cuta aikin likita ne, kuma rahoton da ya dogara da shekaru kawai ba shi da nauyi.

Bintu_K:
Maganar sakaya suna fa tana da haɗari. Idan kowa zai iya rubutawa a ɓoye, me zai hana maƙwabcin da kuka yi faɗa a kan wurin ajiye mota ya rubuta? Ko matar da aka rabu da ita ba daɗi?

Ɗan_Lauya:
Yana faruwa, shi ya sa wasu hukumomin ba sa karɓar takardar da ba sa hannu. Kuma rahoto kaɗai ba ya soke lasisi, bincike yake buɗewa. Mai lafiya zai ci gwajin. Sai dai gaskiya ne an ɓata masa lokaci an tayar masa da hankali, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Malam_Shiru:
Ban cika magana a nan ba, amma ni aka taɓa kai rahotona, don haka bari in ce wani abu. Shekara huɗu da suka wuce na sami ɗan shanyewar ɓarin jiki, na warke har ina ganin na koma yadda nake. Sai ga takarda daga hukuma. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, hannuna yana rawa, na shiga gida ina kallon kowa ɗaya bayan ɗaya ina tunanin waye. Wata biyu ban yi wa ƙanena magana ba, don shi na zarga.

A wurin gwajin aka sa ni na kafa haɓata a wata na'ura, ana kunna ƙananan fitilu, duk wadda na gani in danna maɓalli. Na fito ina ganin na cinye. Da likitar ta juyo mini da takardar, kusan rabin ɓangaren hagu baƙi ne. Fitilu sun yi ta kunnuwa a wurin ban danna ko ɗaya ba. A nan na tuna sau nawa matata take cewa "ka matso da yawa" idan muna wuce motocin da aka ajiye a gefen hagu, ni kuma ina ce mata tsoro ne da ita.

Ban sake tuƙi ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau idan na ji ƙarar tayar da mota da safe sai na ji wani abu a ƙirjina. Daga baya na gano ɗiyata ce ta rubuta. Abin da ya fi mini ciwo shi ne wata biyun da na yi ina zargin wanda bai ji ba bai gani ba. Uwar_Biyu, in za ki yi, ki gaya masa da bakinki kafin takarda ta iso. Zai yi fushi, amma fushinsa zai san inda ya dosa.

Dattijo_Mai_Tabarau:
Malam_Shiru, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka ta shige ni. Ban janye cewa a fara da zama da likita ba, amma na yarda ɓoye-ɓoyen shi ne mafi muni. Ni kaina na yi alƙawari da ɗana, duk shekara za mu je a duba idona tare, kuma na daina tuƙin dare tun bara da na lura fitilun da ke zuwa suna makantar da ni na ɗan lokaci.

Mai_Bin_Labarai:
Abin da Dattijo ya yi shi Japan ke ƙoƙarin mayarwa tsari. A can duk wanda ya kai 75 sai an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa idan zai sabunta lasisi. Bayan hatsarin Ikebukuro a Tokyo a Afrilun 2019, inda direba mai shekara 87 ya buge wata mata da 'yarta 'yar shekara uku suka mutu, mutum sama da 600,000 ne suka mayar da lasisinsu da kansu a shekarar ta 2019. Idan gwajin ya zama na kowa, ba wanda zai ji an ware shi, kuma ba sai 'ya ta kai rahoton ubanta ba.

Sadauki_01:
To a yi wa matasa ma. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara. Ba tsofaffi ne suka kashe su duka ba. Waya a hannu, gudu, maye.

Maman_Ilham:
Ba wanda ya musa, amma a buɗe wa wannan zaren daban. Baiwar Allah tana tambaya ne a kan mahaifinta.

Direban_Tirela_88:
Tambayar da ba wanda ya yi: idan ya daina, wa zai riƙa kai shi? In ba ku shirya wannan ba, ko an karɓe lasisin zai koma tuƙi a ɓoye, kuma sai ya fi na da haɗari, ga shi in wani abu ya faru inshora ma na iya ƙin biya. Ku zauna ku 'ya'yansa ku raba kwanaki. Kuma yayan nan naku da ya ce a ƙyale tsoho, ki ce ya zauna a gaban motar Baba ya ja shi na minti talatin, a bi ta shataletale da mahaɗa mai cunkoso. In ya sauko bai canza magana ba, ki dawo ki gaya mana.

Uwar_Biyu:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga inda aka kwana. Na duba maganin daren, a jikin kwalin an rubuta yana sa barci kuma kada a tuƙa in an ji jiri. Jiya na je na same shi bayan ya huta, ban ambaci hukuma ba, na ce Baba ina son mu je a duba idonka da sugarka, ni zan ja. Ya yi shiru ya daɗe, yana juya makullin a hannunsa, sannan ya ce ido dai zai je, amma ba wanda zai gwada masa hankali. Na ce to mu fara da idon. Ranar Talata ne. Yaran kuma na riga na ce ni zan riƙa ɗaukarsu, na gaya masa dalili, ranar bai ci abincin dare tare da mu ba.

Takardar na rubuta ta yadda Ɗan_Lauya ya ce, rana da wuri da abin da na gani, tana cikin jakata ban aika ba. Yaya ya yarda zai zauna a motar ranar Asabar. Abin da ke damuna yanzu shi ne tsakanin yau da Talata, makullin yana hannunsa.

Abu_Hanif:
Ki roƙe shi alfarmar kwana biyar kawai, ba har abada ba. "Baba, ka bar ni in ja ka har mu ji daga likita." Kwana biyar ya fi sauƙin amsawa.

Bintu_K:
In ya ci gwajin idon fa, ya ce kun gani lafiyata ƙalau? Maganar ɓacewar hanya tana nan ba a taɓa ta ba.

Nas_Ta_Dare:
Shi ya sa nake so ki riga shi ganin likitan, ko ki ba da takarda a karɓar baƙi kafin ku shiga. Likita ba zai gaya miki sirrin majiyyaci ba sai da izininsa, amma ba abin da ya hana shi sauraron abin da kika gani. Ki rubuta maganar awa biyun nan a ciki. Kuma ki tabbatar an yi masa gwajin gani na gefe, irin wanda Malam_Shiru ya kwatanta, ba karanta haruffa a bango kaɗai ba. Idan za a ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, ganinsa zai yi hazo na wasu awanni, don haka ke za ki jawo motar ku dawo, ki tafi masa da baƙin gilashi saboda hasken rana.